Idan Hoto Ya Nuna Jijiyar Kai Ko Ta Wuya Ta Saɓa Hanya: Abin Yi Mataki-Mataki

Kusan duk mako sai wani ya tare ni da ƙatuwar ambulan ta hoto a hammata, ko a bakin masallaci ko a ƙofar gida. Tambayar ɗaya ce: an yi hoton kai saboda jiri ko ciwon kai, sakamako ya fito an ce wata jijiyar jini ba ta nan, ko ta fito daga inda ba a saba ba, to yanzu ina aka dosa? Na baya-bayan nan wani malamin makaranta ne daga Rimi, kwana uku bai runtsa ba, har ya fara lissafa wa ƙaninsa basussukan da ake bin sa. Da likitan hoto ya duba, ashe jijiyar bayan wuyansa ta dama ce siririya tun haihuwa, ta hagu ta ɗauke aikin shekara arba'in da wani abu ba tare da ya sani ba.

Ni aikina ɗaukar hoton ne a nan Katsina. Ba na yanka, ba na rubuta magani, amma ta gabana masu wannan takarda suke wucewa, kuma na ga wuraren da ake yawan yin tuntuɓe.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa: biyu ta gaban wuya, su ne karotid, waɗanda kake jin bugunsu idan ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro, biyu kuma ta cikin ƙasusuwan bayan wuya, su ne batibral. A gindin ƙwaƙwalwa suna haɗuwa su yi shataletale, wanda ake kira da sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1664. Waɗanda shataletalen nasu ya cika cif kamar yadda aka zana a littafi ba su kai rabin mutane ba.

1. Raba abin da ya kai ka da abin da aka tarar

Koma wurin likitan da ya rubuta hoton, ka tambaye shi kai tsaye: wannan da aka gani, shi ne ke kawo mini ciwon? Mafi yawan lokuta amsar a'a ce. An shiga neman akuya ne aka ci karo da tunkiya. Jijiyar da aka haife ka da ita ba kasafai take zama dalilin ciwon kan da ya fara watan jiya ba, don haka kada a bar neman ainihin dalilin, ko hawan jini ne, ko ido, ko rashin barci.

Gargaɗi: idan abin da ya kai ka karkacewar baki ne, ko mutuwar hannu da ƙafa, ko sarƙewar magana, bar karanta wannan jagora ka tafi sashen gaggawa. Ana dawowa maganar jijiya daga baya.

2. Tabbatar hoton da ya dace aka rubuta

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. CT na kai, wato hoton da inji ke ɗauka yanka-yanka da hasken ekisire, wanda ba a yi wa mutum allurar haska jijiya ba, yana nuna ƙashi da zubar jini, amma ba ya nuna cikin jijiya sosai. Idan a kansa aka yi zargin, sai an ƙara wani. Ga waɗanda ake zaɓa a ciki, daga mai sauƙin kuɗi zuwa mai tsada.

Sikanin wuya, irin wanda ake shafa man nan mai sanyi kamar na masu ciki, ana ce masa dofla. Ba allura, ba haske mai cutarwa irin na ekisire, amma iyakarsa wuya. Ba ya ganin cikin ƙoƙon kai a babban mutum yadda ya kamata, ba ya kuma ganin tushen jijiyoyin a ƙirji.

CTA, wato CT da ake ɗura ruwan aidin ta jijiyar hannu don jijiyoyi su haska. Minti kaɗan ne, kuma yana nuna ƙashi da jijiya tare. Ka lura takardar ta ce kai da wuya, tun daga lanƙwasar babbar jijiyar zuciya har tsakar ka. Sau da yawa akan yi na kai kaɗai, sai a gano amsar tana ƙirji, a sake biya.

MRA, wanda ake yi da injin MRI, injin hoto mai aiki da maganaɗisu. Na jijiyoyin kai ana iya yin sa ba allura ko kaɗan, shi ya sa ya fi dacewa da mai matsalar ƙoda. Ka tambayi ƙarfin injin. Mai lamba 1.5 yana fitar da ƙananan jijiyoyi tas, masu ƙaramin ƙarfi kuwa sukan nuna siririyar jijiya kamar babu ita, a tayar maka da hankali a banza.

Akwai na huɗu da ake zura siririn bututu ta matsematsi ko wuyan hannu har zuwa wuya. Wannan sai idan ana shirin aiki, kuma ba kai za ka nema ba, ƙwararre ne zai ce.

3. Kuɗi da hanya

Farashi yana sauyawa kusan duk lokacin da dala ko dizal suka motsa, saboda haka ka kira ka ji na yau. Amma ka tambaya dalla-dalla, domin kuɗin hoto daban, na ruwan allura daban, wani wurin har faifai da rubuta sakamako daban. Ka ƙara da gwajin ƙoda da kuɗin mota na mutum biyu. Mai inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ko shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ya fara zuwa ofishinsu na cikin asibiti ya nemi lambar amincewa kafin ya biya ko sisi. Idan ka riga ka biya, dawo da kuɗin sai wanda ya gani.

Fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Idan aka ce sai Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne aka fi turawa, tafiyar kilomita kamar 170 daga Katsina. Mutumin Daura sau tari ya fi masa sauƙi ya miƙe Kano ta Kazaure.

Gargaɗi: kada ka hau mota sai ka ji daga bakin ma'aikacin sashen cewa injin yana aiki a ranar, akwai ruwan allura, kuma suna yin na jijiya, ba CT kawai ba. Na taɓa tura wani kawuna wani asibiti a wata jiha bisa maganar mai gadi a waya. Ya yi asubanci, ya tarar injin ya yi wata guda a kwance. Har yau idan muka haɗu a wurin biki sai ya tuna mini.

4. Shirin kwana biyu kafin ranar

Idan CTA ne, a yi gwajin ƙoda, musamman ga mai ciwon suga, mai hawan jini, da dattijo. Lambar da ake dubawa idan ta yi ƙasa da 30, likita ne zai yanke ko a yi ko a koma MRA. Mai shan maganin suga na metfomin ya faɗa, domin idan ƙodar ba ta da ƙarfi akan dakatar da shi na awa 48 bayan allurar. Ka ajiye magungunan ciwon jiki irin su daiklofenak da aibufurofen, ka sha ruwa sosai, balle a zafin Afrilu da Mayu da jiki ke bushewa tun kafin azahar. Idan cikin azumi ne, a nemi lokacin da za ka samu shan ruwa bayan hoton, ko a ɗaga idan ba gaggawa.

Faɗi waɗannan ko ba a tambaye ka ba: asma, borin jini bayan wata allurar hoto a baya, juna biyu ko zargin sa, da maƙoƙo mai sa rama da bugun zuciya, domin aidin yana iya tunzura shi. Mai shayarwa kuwa ba sai ta yaye ko ta dakatar da nono ba.

Idan MRI ne, maganar ƙarfe ce. Batirin zuciya, ƙarfen da aka taɓa maƙala wa jijiya a ka, na'urar ji da aka dasa a kunne, harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a ido kamar yadda yakan samu masu walda, duk sai an sani tun a waje. Maganaɗisun injin ba ya kashewa ko da ba a ɗaukar hoto.

5. Ranar hoto

Ka zo da mutum ɗaya, da takardar likita, da sakamakon ƙoda, da duk wani tsohon hoto. Wasu wuraren sukan ce kada a ci abinci na 'yan awanni, ka bi abin da suka ce. Mata su bar 'yan kunne, sarƙa, fil ɗin mayafi da ribom mai ƙarfe a gida, kuma a wanke kwalli idan MRI ne.

Wani dattijo ya taɓa zo mana, na ce, "Baba, akwai ƙarfe a jikinka?" Ya ce, "Babu, ɗana, ko agogo ban ɗaura ba." Hoto na fitowa sai ga haske ya fantsama a wuya kamar an kunna cocila. Laya ce a cikin fata, an naɗe ta da 'yar waya, ga kuma haƙorin Makka guda biyu. Laya dai ya cire ya ba jikansa ya riƙe. Haƙori ba ya ciruwa, sai muka ɗan gyara kwanciyar kansa. Da ya faɗa tun farko, da ba a sake ɗauka ba.

Lokacin da ruwan allurar ya shiga za ka ji ɗumi ya ratsa ka daga wuya har mara, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe, wani ma ya ɗauka fitsari ya kufce masa. Ba komai, cikin minti ɗaya yake wucewa. Abin da muke roƙo shi ne kada ka motsa, kada ka haɗiyi yawu idan an ce tsaya, domin daƙiƙun da ruwan ke cikin jijiya ƙalilan ne, in an rasa su an rasa. MRI kuwa yakan ɗauki minti 20 zuwa 45, da ƙara kamar injin niƙa.

Gargaɗi: zafi ko kumburi a inda aka sa allura, ƙaiƙayi, ko toshewar numfashi, ka yi magana nan take. Kada a yi kara. Bayan an gama ka zauna kusa na ɗan lokaci kafin ka kama hanya.

6. Kada ka tafi ba faifai

Hoton jijiya yanka-yanka ne ɗaruruwa. Baƙin fim ɗin da ake ba ka 'yan kaɗan ne aka zaɓo. Likitan tiyata a Kano, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, faifan zai nema don ya juya jijiyar ta kowane ɓangare. Ka karɓa, ka sa a buɗe shi a kwamfuta a gabanka, domin faifan da ba komai a ciki ba baƙon abu ba ne. Ka kwafe a filashi. Ɗaga fim a taga a ɗauka da waya a tura ta WhatsApp ba ya wadatar da kowa.

Ka kuma duba wanda ya sa hannu a sakamakon. Mu masu ɗauka daban, likitan da ke fassara hoto daban.

7. Zauna a fassara maka sakamakon

Da Turanci ake rubutawa, kuma sakin layi na ƙarshe ne ke ɗauke da hukunci. Kada ka kwashi kalmomin ka zuba a intanet da tsakar dare. Ka je da tambayoyi uku: wannan halitta ce ko daga baya ta samu? Akwai kumburin bangon jijiya, wanda suke kira anurizim? Zai shafi wata tiyata nan gaba?

Tambaya ta farko ita ce uwa. Jijiyar da aka haife ta siririya daban take da wadda kitse, ko tsagewa, ko ciwon sikila ya tsuke. Wadda ta tsuke daga baya ciwo ce mai neman magani. Likitan hoto yana da dabarar rarrabewa: karotid tana shiga ƙoƙon kai ta wata kafa a ƙashi, idan aka ga kafar ma babu ita ko ƙarama ce, an san tun a ciki aka yi haka.

A cikin jijiyoyin da suka saɓa hanya tun halitta, akwai waɗanda suka yi yawa har ba a kiran su baƙi. Jijiyoyi biyu su fito daga tushe ɗaya a lanƙwasar babbar jijiyar zuciya, abin da ya fi yawa a baƙar fata. Batibral ta hagu ta fito kai tsaye daga lanƙwasar, kusan mutum 5 cikin 100. Jijiyar bayan ƙwaƙwalwa ta riƙa shan jini daga karotid maimakon ta baya, kusan mutum 1 cikin 4 ko 5. Waɗannan a rubuta a ajiye kawai.

Sai waɗanda ba kasafai ba, su ne ke son a tsaya.

Jijiyar hannun dama da ta fito daga ɓangaren hagu ta zagayo ta bayan hanyar abinci, ana ce mata lusoriya, kusan mutum 1 cikin 100. Yawancin masu ita ba su taɓa jin komai ba. Ƙalilan, musamman idan shekaru suka ja jijiya ta yi tauri, sukan ji tuwo ko nama yana tsaya musu a ƙirji alhali kunu yana wucewa lafiya. Ba a taɓa ta sai wahalar haɗiya ta yi tsanani ko tushenta ya kumbura.

Jijiyar tirajeminal, wata gada ce tsakanin jijiyoyin gaba da na baya da kowane ɗan tayi ke da ita a makonnin farko, sannan ta ɓace. A mutum 1 zuwa 6 cikin 1,000 takan zauna. Yawanci shiru take, amma wani lokaci tana bi ta kusa da inda ake shiga ta hanci a yi tiyatar gindin ƙwaƙwalwa.

Rashin karotid ta ciki gaba ɗaya a ɓari guda, ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Jin sa da tsoro, amma ka ɗauka an gina birnin Katsina ba Ƙofar Ƙaura: jama'a za su saba shiga ta Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Marusa, kasuwa ta ci yadda ta saba. Illar ita ce cunkoso a sauran ƙofofin. Kumburin bangon jijiya da ake samu a kusan mutum 3 cikin 100 na jama'a, a waɗannan an ruwaito shi a kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Saboda haka mai wannan yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa bibiya, shi zai faɗi tazarar sake hoto.

Sai karotid da ta ratsa ta cikin kunne, ko ta lanƙwaso ta bayan maƙogwaro har ana hango bugunta idan an wangame baki. Waɗannan biyun su ne dalilin mataki na gaba.

8. Faɗa wa duk mai riƙe da wuƙa

A ganina wannan matakin ya fi duk sauran amfani, kuma shi aka fi mantawa. Jijiyar da ta saɓa hanya ba ta cika cutar da mai ita ba sai ranar da wani ya yanka inda ya ɗauka babu komai.

Ka sa likita ya rubuta maka sunan abin a 'yar takarda, layi biyu, da ɓangaren da yake. Ka ɗauke ta a waya, ka sa kwafi a aljihu, ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda take. Sannan ka fito da ita a waɗannan wurare.

Tiyatar maƙoƙo. Mai lusoriya, jijiyar muryarsa ta dama ba ta bin hanyar da likitoci suka saba samun ta. Idan likita bai sani ba yana iya yanke ta, murya ta dishe har abada. Wata Hajiya daga Daura da za a cire wa maƙoƙo, ɗiyarta ce ta tuna da tsohon faifan da aka yi mata shekarun baya. Likitan ya ce, "Hajiya, wannan faifan ya fi mini duk gwaje-gwajen da kika zo da su." Ta fito da muryarta, har ta yi wa jikoki faɗa a ranar.

Kunne. Idan kana jin bugun zuciyarka a kunne ɗaya, fuu-fuu, aka leƙa aka ga wani jan abu a bayan dodon kunne, kada a tsaga, kada a ɗebi nama don gwaji, sai an yi CT na ƙashin kunne. Yana iya zama karotid ce kanta.

Maƙogwaro. Cire hakin wuya, tsaga ƙurji a bayan maƙogwaro, zura bututun numfashi, ko huda maƙogwaro ta waje, duk likitan kunne da mai allurar barci su sani tun kafin a shiga.

Gargaɗi, kuma ina yi wa wanzamanmu kallon mutunci: wanda aka ce karotid ɗinsa ta matso bayan maƙogwaro, ya yi sallama da cire beli da sakiya a gida. Aska ba ta ganin abin da ke bayan nama, jinin karotid kuma ba ya jiran a nemo Keke Napep. Haka ma murɗa wuya a ji ƙas da wasu masu aski da maɗora ke yi. Mai batibral ɗaya tilo da ke aiki ba shi da ta biyu idan wannan ta tsage.

9. Zaman yau da kullum

Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu hayaƙi da ke mayar da jijiya inda littafi ya zana ta, kuma ba ta buƙatar a mayar da ita. Duk wanda ya ce yana da maganin buɗe ta, aljihunka yake son buɗewa. Kada ka fara shan asfirin da kanka don wai ya tsinka jini. Idan akwai kumburin jijiya ko gyambon ciki, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Abin da ke hannunka shi ne kare hanyoyin da suka rage. Ka riƙa awon jini, idan yana kai 140 bisa 90 ko fiye a koma asibiti, a kuma sha maganin kullum ba sai kai ya yi ciwo ba. A bar taba, a kula da suga, a rage gishiri da dunƙule. Noma, tuƙi, azumi, aikin Hajji, aure da haihuwa, yawancin masu wannan halitta suna yi ba wani shamaki, sai dai mai ciki ta nuna takardarta a wurin awo.

Ana yawan tambaya ko a kwashi yara a kai su hoto. Ba gado ba ne irin na sikila, don haka ba dalili. Inda likita kan ba da shawarar a duba dangi shi ne idan mutum biyu ko fiye na jini ɗaya, iyaye, 'ya'ya ko 'yan uwa ciki ɗaya, sun taɓa samun kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa.

Alamomin da ba a kwana da su: ciwon kai da ya sauko lokaci guda kamar an buga taɓarya, irin wanda ba ka taɓa ji ba, karkacewar baki, hannu ko ƙafa su saki, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke ko ya rabu biyu, fatar ido ɗaya ta faɗo, ko jini ja wur ta baki ko kunne. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi ake yin ta, kuma sai an yi CT tukuna. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a baki yana wannan hali, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibitin da ke da CT mai aiki, wani kuma ya ɗauko faifan da 'yar takardar nan ya biyo baya.